Sharhin da Na Yi wa Injin Niƙa

Ba zan taɓa mantawa da sharhina na farko ba, ko da yake na yi iya ƙoƙarina. Bayan na gama jami'a na dawo Kankia, wani shafin intanet ya ɗauke ni gwaji, in riƙa sharhi a kan sababbin kiɗe-kiɗen nan marasa waƙa, waɗanda ake haɗawa da sautin iska, ruwa ko kukan tsuntsu. In na farko ya yi kyau su riƙe ni, in bai yi ba su sallame ni.

Abokina Sadiku na Kusada irin wannan kiɗan yake haɗawa, yana bin ruga da kasuwa yana naɗar sauti. Na roƙe shi sabon aikinsa, ya turo ta waya. Gurnani ne na minti shida, can ƙarfe ya ce ƙas, a yi shiru, a sake tashi. Sau tara na saurara (ina tsoron zaluntar mai fasaha). Na rubuta cewa wataƙila, in ban yi kuskure ba, gurnanin zuciyar manomi ce mai jiran damina, shirun kuma mai yiwuwa kaɗaici ne. Aka buga.

Ranar kasuwa na tafi Kusada in sha godiya. Na iske Sadiku a rumfar injin niƙan babansa, Baba Ilu, ga bakanike, ga mata da kwanukan dawa suna jira. Aka tada injin. Gurnani, ƙas, shiru. Na gane shirun nan, ai sakin layi biyu na yi a kansa.

Ashe injin ne ya lalace, Sadiku ya naɗi ƙararsa don bakanike ya ji ciwon tun kafin ya taso, sai ya turo mini bisa kuskure. Kuma ya riga ya karanta musu sharhin.

"Malam mai sharhi," in ji bakaniken, "kaɗaicin nan naka, bel ɗin injin ne ya saki."

Matan suka rufe baki da mayafi. Baba Ilu kam bai yi dariya ba. Ya ce, "Ɗana, shekara ashirin ina da injin nan, ba wanda ya taɓa yabon shi sai kai. Allah shi yi maka albarka."

Na rubuta wa masu shafin gaskiyar abin da ya faru. Suka cire sharhin, suka ba ni dama ta biyu (ina zaton tausayi ne). Tun daga ranar, kafin in shiga neman zuciyar manomi a cikin kowane kiɗa, sai na kira mai shi na tambaya: wannan don ni aka yi shi, ko don bakanike?