Ragon da Na Sa Kawu Ya Yanka

Ina shekara ta uku a digirin digirgir kan kimiyyar siyasa na je hutu gida Tozai. Na tarar Kawu Garba yana takarar shugabancin ƙungiyar manoma, shi da Malam Bello mai shanu.

Na ce, "Kawu, bar mini. Wannan aikina ne, za ni auna maka ra'ayin jama'a."

Kwana uku ina bin gida-gida da takarda da biro. Duk wanda na tambaya sai ya ce, "Ai Garba namu ne." Na dawo na gyara zaman tabarau, na shaida wa Kawu cewa a ilmance ya riga ya ci. Ya yi hamdala, ya sa aka yanka ragon walima tun da safe ranar zaɓe.

Da la'asar aka ce kowa ya tsaya bayan gwaninsa. Layin Malam Bello ya miƙe har bakin masallaci. Bayan Kawu mutum shida ne, biyu 'ya'yansa.

Na tare wani dattijo da ya rantse mini jiya. Ya ce, "Kai ɗan ƙanwatai na. Ka taka har gidana ka tambaye ni, mi kaka so in ce?"

Naman kuwa duk suka zo suka ci. Kawu ya yi wata guda ba ya amsa gaisuwata.

Har yau in hadari ya taso sai a ce, "Dakta, za a yi ruwa?" In na ce e, sai mata su fito da shanya.