Tashar da ba ta son ƙazanta

Jama'a, ranar Alhamis ɗin nan na gwada zama ɗan ƙasa nagari, kuma har yau ban warware ba.

Ramin masai ne ya cika a gidana, ga sunan jikata ranar Asabar. Duk mazaunin unguwarmu ta New Bell ya san yadda ake yi. A jira ruwan sama mai ƙarfi, a buɗe ramin, kwata ta kwashe komai ta yi gaba. Inda za ta, ba a tambaya. To ni na sani, domin Bukar, wan matata Larai, a can ƙasa yake zaune, bakin rafin da ke faɗawa kogin Wouri. Nan yake kamun kifi, nan yaransa ke wanka. Bara da ƙuraje suka feso wa autansa, na dafa shi na yi masa alkawarin cewa ƙazantar gidana dai ba za ta ƙara zuwa ƙofarsa ba.

Ina kiran masu motar kwashe masai, maƙwabcina Tahir ya leƙo ta katanga.

"Malam Saminu, ga hadari ya haɗo, kai kana neman masu vidange? Allah ya aiko maka da mota kyauta daga sama, mon frère, ɗan'uwana."

Na ce masa ni mutum ne mai alkawari. Kuma ai muna da sabuwar tashar tace ruwan masai, wadda Mai Girma Sarkin Almakashi ya yanka ƙyallen buɗe ta har sau biyu, don karon farko mai ɗaukar hoto ya makara.

Motar ta zo ta zuƙe ramin tas. Don kada direba ya yi mini wayo, na haye gaban motar da kaina. Na toshe hanci da hula har muka isa.

Kai, masu cewa manyanmu ba sa aiki su ji tsoron Allah. Fenti shuɗi, furanni a jere, ga tafkuna uku da ruwa garau, sai ka ce ka yi alwala. Ina cikin sa musu albarka sai mai gadi ya tare ƙofa.

"Ina za ku da wannan abin? Interdit, an hana. Jiya aka wanke tankunan."

"Ba don wannan aka gina wurin ba?"

"Don shi ne. Amma baƙi masu ba da tallafi za su zo dubawa, patron, shugaban wurin, ya ce ko ɗigo kada ya shiga."

"Yaushe za su zo?"

"Tun bara muke jiransu."

Ruwan tafkunan kuwa, in ji shi, na famfo ne, mota ke kawowa duk Litinin. Ku faɗa mini, a wace ƙasa kuka taɓa ganin tashar ƙazanta mai tsafta haka? Lambar yabo ta kamace su.

Direba ko a jikinsa. Ya ja baya, ya zaga bayan katangar, ya jefa tiyo cikin rafi kamar mai ba dabba ruwa. Da na duba ƙasa kaɗan, sai ga kwalekwalen Bukar a ɗaure. Na ce ya tsaya.

"Papa, ko in mayar maka da shi gida?"

Na tuna Larai, na tuna baƙin Asabar, na kau da kai na bar shi ya ƙarasa juyewa. Ban taɓa jin kunya irin ta wannan rana ba.

Ranar suna Bukar ya zo hannu rabbana, babu kifin da ya saba kawowa. Ya rungume ni a gaban mutane, ya ce da kowa irina ne da sun huta. Sannan ya ba da labarin wani marar imani da ya juye musu mota guda ranar Alhamis, kifi suka taso ciki sama, kwana biyu ba wanda ya jefa taru. Ya ɗaga hannu ya roƙi Allah ya tona asirin mutumin.

Kowa ya ce amin. Ni ma na ce, kuma don kada a zarge ni, tawa ta fi ta kowa ƙarfi.