Littafin Da Ya Ƙare Sau Bakwai

Ko na rantse maka har maƙogwarona ya bushe, na san cewa za ka yi ƙari na yi. To, gyara zama ka ji da kunnenka.

"Ni ne zan koya wa dillalan littafi hankali," in ji Darakta, yana kan bencin mai aski, ƙafa ɗaya kan ɗaya. "Wata uku kacal. In ba ku ga sun yi layi a ƙofar gidana suna roƙo ba, ku canza mini suna."

Kada ka raina shi, darakta ne na gaske. Yana da kamfanin buga littattafai, da hatimi, da kati mai ruwan zinare. Shi ne shugaba, shi ne edita, shi ne masinja, kuma shi kaɗai ne marubucin da kamfanin ya taɓa bugawa. Ofishin kuwa jakar hannunsa ce. Sunan littafin Arziki Ba Gumi, kwafi ɗari biyar ya buga.

Dillali na farko ya ce shi littattafan makaranta kawai yake karɓa. Na biyu, sau shida ana cewa ya yi tafiya, alhali Darakta yana hango takalminsa ta ƙarƙashin labule. Na uku ya tarbe shi da lemo mai sanyi, ya karɓi kwafi ɗari huɗu da arba'in, ya rungume shi har da "ɗan'uwana". Da Darakta ya koma bayan wata guda, sai ya tarar ana sayar da taya a shagon.

Saura kwafi sittin, saura dillali ɗaya: wani Alhaji mai katafaren sito a bayan tasha, wanda ba ya ɗaga kai daga wayarsa in yana magana.

"Ajiye su," in ji Alhaji. "Kashi arba'in na duk wanda aka sayar nawa ne. Kuɗinka sai bayan kwana casa'in. In rabi bai fita ba kafin nan, ka zo da baro ka kwashe, kuma ko kalanda kada ka sake kawo mini."

"Ranka ya daɗe, ai kafin sati za su ƙare."

"Haka kowa ke cewa. Anti, karɓi kayan nan."

Anti mai kula da sito, wata dattijuwa mai tabarau da fensir a hannu, ta ja kwalin ta yi ciki ba ko sannu.

Sati biyu Darakta yana leƙe ta gilashi. Littattafan suna can ƙasan kanta, bayan bokitin goge ƙasa, ko ƙuda bai sauka a kansu ba. In aka koro shi daga nan, shi ke nan, kamfani ya mutu, bencin mai aski kuma ya gagare shi zama har abada.

Sai dabara ta faɗo masa.

"Kasuwa kamar akuya ce," ya ce wa mai aski. "Inda ta ga 'yar'uwarta ta sa baki, nan take sa nata. Ungo kuɗi, je ka sayo goma."

"Naka littafin? Da kuɗinka?"

"Kai dai aski ka sani. Wannan shi ake kira dabarun kasuwanci, yana babi na huɗu."

Mai aski ya sayo goma. Tela ya sayo ashirin. Mai wankin mota, wanda ko sunansa da dangwale yake sa hannu, ya sayo talatin, ya ce na karatun hutu ne. Duk aka tura su ƙarƙashin bencin aski. Washegari waya ta yi ƙara.

"Malam, kayanka sun ƙare. Akwai wasu?"

Darakta ya bari sai da ya ƙirga biyar kafin ya amsa. "To, Alhaji, injinanmu sun yi zafi, amma saboda kai zan duba."

Ya zaro sittin ɗin nan, ya kaɗe musu gashi, ya buga wa kowanne hatimi a shafin farko: Bugu Na Biyu. Ya mayar. Anti ta karɓa, ta dube shi ta saman tabarau, ta yi ciki.

Ni da na bar makaranta tun ana raba mana allo, na san wanda ke ɗebo ruwa a rijiya yana mayarwa ciki guga kawai yake kashewa. Amma Darakta ya ga an ɗaga littafinsa daga bayan bokiti zuwa kanta ta tsakiya, sai kansa ya ƙara girma. A bugu na uku rediyon gidansa ta tafi kasuwa. A na huɗu talabijin ta bi ta, ya ce wa matarsa an kai gyara.

"Baban yara, fankar ma gyara aka kai ta?"

"Iska mai yawa ba ta da kyau ga yara."

A na biyar 'yan aike suka gaji. Tela ya ce Anti ta fara tambayarsa ko miya yake yi da littafin. Sai Darakta ya koma zuwa da kansa, sanye da hular kwano ta babur, ya rufe gilashinta, ya shaƙe murya, wai shi wakilin wata makaranta ne. A na shida ya sayar da babur ɗin. Hular dai bai sayar ba. Ka ga mutum a ƙafa, rana tsaka, da hular kwano, yana ɗauke da kwali, gumi na zuba ta haɓa. Masu shaguna har fitowa suke yi kallo.

Ranar kwana tamanin, aljihu ya yi fayau. Darakta ya ce lokaci ya yi. Ya sa babbar riga, ya gayyaci mai aski da tela su zo su ga yadda ake murɗe kunnen dillali.

"Alhaji," ya ce, ya zauna ba a ba shi kujera ba, "littafin da ya ƙare sau bakwai ba a yi masa kashi arba'in. Ashirin. A sa shi gaban gilashi. Kuɗina kuma yau. In ba haka ba, akwai masu jira."

A karo na farko Alhaji ya ajiye waya. "Anti, miƙo mini guda."

Ta miƙo. Bango ya yi laushi kamar tsumma, kusurwoyi sun nannaɗe.

"Malam, buɗe shafin ƙarshe."

Darakta ya buɗe. A can ƙasa, da fensir, ga kwanan wata guda takwas a jere, ɗaya ƙarƙashin ɗaya.

"Duk littafin da ya shigo sito ina rubuta masa ranar shigowa," in ji Anti. "Waɗannan kam na san su kamar jikokina. Wancan mai ɗigon man gashi, har kewarsa nake yi in ya fita."

Tela ya toshe baki da hula. Mai aski ya ce, "Darakta, wato kai ma ba ka taɓa kaiwa shafin ƙarshe ba?"

"To... to me ya sa ba ku faɗa ba tun farko?" in ji Darakta.

"Haba, Malam," in ji Alhaji. "Shekara talatin ina sana'ar nan, ban taɓa korar mai saye ba. Ga ka da biya nan take, ba ka neman ragi. Hular ce dai na so in ce ka cire, saboda zafi. Kuɗinka na nan ran casa'in, in an cire kasona, da kuɗin sito, da dako, da fensirin Anti. Kayan kuwa sun tsufa, ba wanda zai saya a matsayin sabo. Nemo baro."

Darakta ya miƙe. Har ya kai ƙofa Anti ta ce, "Af, gaskiya dai a faɗe ta. A zagaye na uku akwai guda ɗaya da ba mutanenka suka saya ba. Wani bawan Allah ne, da kuɗinsa."

Darakta ya juyo kamar an sa masa sabon batir. Ya dubi tela, ya dubi mai aski, ya buga ƙirji. "Kun ji ko? Mai karatu! Na gaske! Ina yake, in sa masa hannu?"

"Ga shi can kan bencin bakin sito, tun safe yake jiranka," in ji Anti. "Ya dawo da shi. Ya ce a ba shi kuɗinsa, har da na mota."