Rasuwar Wayar Malam Tela a Ƙarƙashin Almakashi

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, Malam Tela na sanar da 'yan uwa, abokan sana'a da duk wanda ya taɓa kiransa bai samu ba, rasuwar wayarsa, wadda ta cika a kan teburin yankan yadi a shagonsa, a gaban jama'a, bayan wani gajeren gwaji.

Marigayiyar ta shigo hannunsa sabuwa fil, da siririyar leda manne a fuskarta kamar yadda ta fito daga kwali. Malam bai taɓa ɓare ledar ba, don bai san leda ce ba. Ya ɗauka haka halittarta take. Da shekaru suka ja, gefen ledar ya fara naɗewa, kumfa ta taso a tsakiya. Ganin haka Malam ya yanke hukunci cewa fuskar waya roba ce, ba gilashi ba, kuma duk mai cewa gilashi ce bai taɓa riƙe waya da hankalinsa ba.

A rayuwarta, marigayiyar mai haƙuri ce da rufin asiri. Ta kwana cikin ƙyallaye, ta sha ƙurar alli, ta taɓa faɗawa ƙarƙashin keken ɗinki ta fito ba ta ce uffan ba. Za a daɗe ana tuna muryarta, wato carar zakara da take yi in an kira, wadda ta taɓa tashi a tsakiyar zaman ta'aziyya. Za a tuna yadda take "zzz, zzz" tana tafiya da kanta a kan tebur har ta kai baki. Babban alherinta kuwa shi ne sanin lokacin da ya dace ta mutu. In mai kaya ya kira yana neman rigar da ko yanka ta ba a yi ba, sai ta yi "ɗin-ɗin" sau biyu, ta ɗauke. Ba ta taɓa barin maigidanta ya yi ƙarya da bakinsa ba. Ita take ɗaukar laifin.

Ajalinta ya biyo ta hannun yayan matar Malam, direban tasi, mutumin da bai taɓa barin gardama ta wuce shi a hanya ba. Ya shigo shagon ne a rage masa ƙugun wando, ya ɗauki wayar ya ƙwanƙwasa ta da farce, ya ce gilashi ce.

"Yaya, roba ce," in ji Malam. "Gilashi yana naɗewa a gefe?"

"To in roba ce, buga mu gani."

Mai ɗakin Malam, da ta kawo masa abinci, ta roƙe shi ya ci ya bar zancen. Amma mai aski na kusa ya riga ya leƙo, mai gyaran takalmi ya ajiye gudumarsa. A gaban waɗannan idanu, ja da baya ya fi ƙarfin Malam. Ya kwantar da marigayiyar, ya juya babban almakashinsa, ya ɗan doke ta da mariƙin.

Ba ta yi komai ba. Har ma ta kawo haske, ta nuna ƙarfe nawa.

Malam ya miƙe tsaye, ya gyara tef ɗin awo a wuyansa, ya dubi surukinsa kamar wanda ya ci zaɓe. Da a nan aka tsaya, da yau ba a rubuta wannan sanarwa ba. Sai ga mai shagon magani ya iso a makare yana tambayar me ya wuce shi. Malam kuwa ba ya son a bar kowa cikin jahilci. Ya sake ɗaga almakashin, wannan karon da ƙarfin mai gaskiya.

Kalmarta ta ƙarshe ita ce "ƙas".

An garzaya da ita wurin mai gyaran waya. Ya duba ta, ya sa tsinke ya ɗago ledar a hankali, sai ga gutsattsarin gilashi manne a jikinta suna ƙyalli. Ya girgiza kai, ya ce sai haƙuri, ciwon ya kai har ciki. A nan gaban gawa direba ya nuna gilashin, Malam ya nuna ledar, kowa ya ce an ga gaskiyarsa. Mai ɗakin Malam ta ɗauki kwanonta ta tafi gida, kuma har yanzu da ka take amsa gaisuwar su biyun.

Marigayiyar ta bar caja guda mai karyayyen wuya da aka ɗaure da zare, da abin saurare mai kunne ɗaya, da riga ta roba, wadda babu saɓani a kan asalinta. Ta tafi da lambobin duk masu kaya, da hotunan ɗinkin da suka turo a kwaikwaya. Yanzu da ƙafarsu suke zuwa, kuma babu mai mutuwa a madadin Malam.

Za a yi mata sutura a cikin ragowar yadi mai kyau, a kai ta makwancinta a aljihun tebur na ƙasa, kusa da matattun batura da rimot ɗin da ya riga ta. Ana karɓar gaisuwa a shago bayan la'asar. Masu zuwa su bar wayoyinsu a aljihu, domin Malam ya ce bugu na biyun bai zauna daidai ba, kuma yana neman wadda zai sake gwadawa a kanta.