Na-Sama da Kwanon Kankare na Ƙarshe

In ana lissafin mutanen da suka ɗaga birnin nan daga ƙasa suka kai shi kusa da gajimare, duk mai adalci da Na-Sama zai fara, sannan ya huta, ya sha ruwa, kafin ya tuno wani. Shi da kansa ya sha faɗin haka, kuma mutum irinsa ba ya ƙarya sai da dalili. Kafin zuwansa, tsakiyar gari ba komai ba ce sai tsofaffin gidaje, da shagunan teloli, da wasu bishiyoyi marasa aikin yi sai ba talaka inuwa kyauta. Allah ya kawo shi da katafila. Yau in ka tsaya a babban titi ka ɗaga kai sai hularka ta faɗi, kuma rabin benayen da suka kayar maka da ita nasa ne.

Injiniya ake ce masa a gaban ido, ko da yake makarantar da ta ba shi wannan suna har yau ba a gina ta ba. Da za a gina, shi zai sami kwangilar. Gajere ne kakkaura, mai son farar kwat, da wata hular kwano da ya sa aka shafa wa ruwan zinariya. Da ita yake shiga mota, da ita yake zama a ofis. Kullum 'yan jarida suka miƙa masa makirfo, karatun ɗaya ne.

"Ƙasa," in ji shi, "ta masu ƙaramin tunani ce. Mutum mai daraja a sama yake kwana, a sama yake tashi. Ni ba gidaje nake sayarwa ba, ɗaukaka nake sayarwa."

Sai dai akwai wani ɗan abu, wanda ba don gulma ta zame mana jiki ba da ba za mu taɓo shi ba. Na-Sama bai taɓa hawa bene ba. Ba nasa ba, ba na wani ba. Da ƙafarsa ta bar ƙasa da kamu biyu, sai duniya ta fara juya masa. Tsoro ne tsagwaronsa, irin wanda ba ya jin lallashi.

Amma dubi yadda babban mutum ke mai da aibi ado. Ofishinsa a hawan ƙasa yake, wai don ya kasance kusa da jama'a. Gidansa shimfiɗaɗɗe ne ba bene, wai tawali'u. In ƙwan lantarki ya mutu a ɗakinsa, matarsa ce ke taka kujera, shi kuma ya riƙe mata kujerar yana ba da umarni. Hoton nan nasa da ke kan alluna, yana tsaye a ƙololuwar gini yana nuna gabas da yatsa, a bayan garejinsa aka ɗauka, mai hoto ya liƙa masa sararin sama daga baya. In ya je duba aiki kuwa, daga cikin mota yake leƙawa da madubin hangen nesa. Wani sabon injiniya ya taɓa cewa, "Ranka ya daɗe, ko za ka hau ka gani da idonka?" Na-Sama ya dube shi da tausayi ya ce, "Yaro, abin da babba ya hango daga zaune, yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba." Washegari aka mai da yaron sashen ƙirga bulo.

Mutum biyu ne suka san gaskiya. Matarsa, wadda ta iya bakinta, da yayarsa, wadda ba ta iya ba amma ba a tambaye ta ba. Yaya ce ta goye shi, ita ce kuma ta taɓa sauko da shi daga kan katangar gidansu yana ƙarami, bayan ya wuni a kai yana kuka. Har gobe Auta take ce masa, ko a gaban wa.

Wannan gida nasu na gado shi ne abu na ƙarshe da Na-Sama ya rushe a tsakiyar gari, don ya dasa benen da zai fi kowane tsawo, hawa ashirin da ɗoriya. Yaya ba ta hana ba. Abu ɗaya ta roƙa.

"Auta, ka bar mini ɗaki a ƙasa. Ka san gwiwar nan tawa."

"Haba Yaya, ƙasa ai ta banki ce da manyan kantuna. Ke can ƙololuwa zan kai ki, ki riƙa gaisawa da taurari."

Ta dube shi, ta dubi takalminsa mai ƙyalli, ta ce Allah ya sa ya riƙa kawo mata ziyara.

Ana cikin wannan gini sai kujerar shugaban ƙungiyar masu gine-gine ta zama babu kowa. Na-Sama ya daɗe yana mafarkin kujerar nan. Har ya sa an buga masa kati da sunan muƙamin, yana ɓoye a aljihun kwat, yana shafawa in ba kowa. Abokin takararsa shi ne Mai Rodi, wani siriri marar hayaniya da ya fara da sayar da ƙarfen gini a bakin titi. Mai Rodi ba ya jawabi, kallo yake yi. Kuma ya daɗe yana kallon wani abu. A sana'ar nan, ranar da za a rufe saman bene, mai gini da kansa ke hawa ya zuba kwanon kankare na ƙarshe, leburori su yi tafi, a ɗauki hoto. Kowa na yi. Na-Sama kaɗai ne kullum ranar ke samunsa da tafiyar gaggawa, ko mura, ko kuma ya tura wakili wai don ƙarfafa wa na baya gwiwa.

A taron ƙungiya sai Mai Rodi ya miƙe, murya ƙasa-ƙasa, ya ce shi yana da shawara. Tunda ɗan'uwansu Injiniya ya gina abin da ba a taɓa ginawa ba, me zai hana a karrama shi? A yi zaɓen a can saman sabon benensa, ranar zuba kwanon ƙarshe, kowa ya shaida.

Zauren ya ɗauki tafi. Ga Na-Sama, gaba kura, baya sayaki: in ya ƙi, an gano shi, in ya yarda, sai ya hau. Ya tashi yana murmushin da bai wuce leɓe ba.

"'Yan'uwa, kun gayyaci kifi wanka. Sama ai gidana ce."

Daga ranar ya shiga horo. Ya kulle falo, ya sa matarsa ta riƙe masa teburin cin abinci, ya hau, ya tsaya yana karkarwa kamar an tsamo kaza daga randa. Ta ce ya buɗe ido. Ya ce ita ba ta san komai a harkar gini ba. Ya nemi babban magini ya ja aikin, babban magini ya ce siminti ba ya jiran kowa. Ya yi fatan ruwan sama. Ranar ta zo garau, ko gajimare ɗaya babu.

Lif na ainihi ba a riga an haɗa ba, sai kejin ƙarfe da leburori ke hawa da kaya, wanda ke bin jikin ginin ta waje. Na-Sama ya shiga da baƙin tabarau, ya runtse ido a bayansa, ya damƙe ƙarfe da hannu biyu. Manyan baƙi suka ga leɓensa na motsi, suka ce wa juna dubi yadda yake lissafin nauyin ginin da ka. Yaya ma ta biyo su, wai ta zo ganin ɗakinta. Tana leƙen titi ta cikin keji tana nuna inda shagon mai ɗinkinta yake a da.

A sama an kafa rumfa, an jera kujeru, an ja lasifika har ƙasa don jama'ar titi su amfana da hikima. Aka maƙala wa Na-Sama ƙaramin makirfo a wuyan kwat. Ya sami wani ginshiƙi a tsakiyar rufin ya jingina bayansa, ya kafa idonsa a kan takalminsa, ya fara. Abin mamaki, sai abin ya tafi daidai. Da ya ji muryarsa na dawowa daga titi, sai ƙarfin hali ya zo masa, don babu maganin da ke yi masa aiki kamar jin kansa.

"Yau na tsaya inda tsuntsu ke neman izini kafin ya wuce. Masu tsoro suna can ƙasa. Shugabanci na wanda ya saba kallon duniya daga sama ne, kuma ni tun ina yaro ba na zama sai a kan katanga."

Yaya, da ke zaune a kan buhun siminti tana murza gwiwa, ta ce, "Wannan kam gaskiya ne."

Sai aka zo zuba kwano. Leburori sun gama shafe rufin tun kwanaki, sun bar kusurwa ɗaya da suka cika da ɗanyen kankare da safen nan, saura kwano guda. Kusurwar kuwa a can bakin gini take, inda babu komai sai wani siririn katako da aka gitta. Mai Rodi ne ya zaɓi wurin, wai don hoto ya ɗauko birnin duka.

Aka ɗora wa Na-Sama kwanon a hannu. Ya taka, ya sake takawa, yana kallon ƙafarsa. Da ya rage taku kaɗan, har ya fara jin ƙamshin kujera. Sai iska ta zo, ba ma wata babba ba, ta ɗauke hular zinariya. Da ya bar ta ta tafi, da yanzu wani labarin muke yi. Amma mutum da abin ƙaunarsa, sai ya bi ta da ido. Ya ga ta wuce katakon, tana juyawa, tana ƙanƙancewa, ta zama kamar murfin kwalba, kuma har yanzu ba ta isa ba. A ƙarƙashinta ga motoci kamar ƙwari.

Kwanon ya tafi gefe. Na-Sama ya zube cikin ɗanyen kankaren, gwiwa biyu, tafin hannu biyu, da goshi.

Wani daga cikin 'yan korensa ya yi maza ya ce, "Godiya yake yi wa Allah." Aka yi tafi. Mai hoto ya ɗauka. Aka jira ya ɗago. Godiya ta yi tsawo. Tafin ya yi ta raguwa har ya mutu, aka bar iska kaɗai tana kaɗa rumfa. Babban magini ya matso ya rusuna ya ce, "Ranka ya daɗe, kankaren fa ya fara kamawa."

A nan ne birnin ya ji jawabin Na-Sama mafi gajarta, kuma mafi gaskiya. Makirfon na nan a wuyansa, lasifika ta kai shi har bakin titi, cikin wata 'yar siririyar murya da ba a san shi da ita ba.

"Yaya. Yaya, zo ki sauke ni."

Tsohuwa ta tashi da ɗingishinta, ta ratsa manyan masu gine-gine, ta taka har bakin ginin kamar mai zuwa ɗebo ruwa. Ta cire mayafinta ta ɗaure masa ido, ta kama kwalar farar kwat ta ja. Kankare ya sake shi da ƙyar, ya riƙe takalmi ɗaya.

"Tashi, Auta. Riƙe bakin zanena, kar ka buɗe ido sai na ce. Yadda muka yi wancan karon."

Haka suka wuce ta gaban rumfa, ita a gaba, shi a baya, ƙafa ɗaya da safa. Ba wanda ya yi dariya sai da kejin ya fara sauka. Zaɓe kuma, tunda an riga an hau, sai aka yi shi a wurin. Mai Rodi ya ci, har da ƙuri'ar wanda ya tsayar da Na-Sama.

Kada ka ce gwarzon namu ya karaya. Kafin mako ya zagayo ya kira 'yan jarida ofishinsa na ƙasa, da sabuwar hula, ya bayyana musu cewa shi ya janye ne don ya ba na baya dama. Abin da aka gani kuwa, wata tsohuwar dabara ce ta ƙwararru, ta gwada ingancin kankare da goshi, wadda injiniyoyin yanzu ba su sani ba.

Saura abu ɗaya da ke hana shi barci. Kankaren ya bushe da shatinsa a jiki. A ƙololuwar bene mafi tsawo a birnin, ga gurbin gwiwoyi biyu, ga tafuka biyu da yatsu a baje, ga ɗan ramin goshi, ga takalmi ɗaya a tsaye. Da aka gama ginin aka haɗa lif, Yaya ta tare a hawan ƙarshe, ta ga ashe wurin ya yi mata. Iska na shiga, ba hayaniya, kuma ba mai zuwa ya dame ta da jawabi. A rufin take shanya. In an yi ruwa, tattabaru na sauka su sha a gurbin gwiwoyin. Duk wanda ya kama haya a benen, sai ta kai shi ta nuna masa inda ƙanenta ya gwada kankare.

Labari ya iso ƙasa, kamar yadda komai nisan jifa yake isowa. Na-Sama ya ba da umarni a shafe wurin da siminti. Ya sake bayarwa. Ya aika babban magini, ya aika mai gadi, kowa ya dawo ya ce Yaya ta ce a bar mata, ita za ta kula da abin. Ran nan dai ya tare ta a ƙofar banki, ta sauko sayen zare.

"Yaya, wurin nan fa? An shafe?"

"An shafe tas, Auta," in ji ta, tana danna maɓallin lif. Ƙofa ta buɗe, ta shiga, ta matsa gefe ta bar masa wuri. "Zo mu hau ka gani da idonka."

Na-Sama ya gyara zaman hularsa, ya dubi agogo, ya ce ai shi mutum ne mai yarda da 'yan'uwansa.