Yadda Za Ka Zama Babban Manomi a Landan Ba Tare da Ka Taɓa Ƙasa Ba

Kai da ka zo Landan ka tara tumbi a kan kujera, kake kuma sha'awar a riƙa kiranka manomi, matso kusa. Matakan nan bakwai tabbatattu ne. In ka bi su ɗaya bayan ɗaya, na yi maka alkawarin kafin bazarar Turawa ta fita za a yi maka kirari a zauren dangi, kuma ko ƙwayar ƙasa ba za ta shiga farcenka ba. Ba shaci-faɗi nake yi ba. A gaban idona Maharazu na unguwar Edmonton ya gwada su: ma'aikacin kwamfuta, mijin Karimatu, uban Zarah, mutumin da tun da aka haife shi bai taɓa shuka ko albasa a gwangwani ba.

Mataki na ɗaya: Ka samu fili, ka canza masa suna

A nan ƙaramar hukuma, wato council, na ba da hayar 'yan filayen lambu, su ake kira allotment. Sai ka rubuta sunanka ka yi ta jira. Maharazu ya yi shekara biyar a layi, har ya manta ya nema, sai ga mukulli. Filin bai fi tsakar gidan haya ba.

Kada ka kuskura ka kira shi lambu. Lambu na tsofaffin mata ne. Gona za ka ce.

A ranar Maharazu ya buga wa surukinsa waya, Alhaji Rufa'i na Kura, wanda ya shekara arba'in yana noman tumatir da albasa. Tsohon bai taɓa fahimtar aikin surukin nasa ba. In aka tambaye shi sana'ar mijin Karimatu, cewa yake yi, "Danne-danne." Wayarsu kuwa ba ta wuce gaisuwa, sai ya ce a ba shi jikarsa.

"Baba, Allah ya sa na yi gona a nan Landan."



"Gona? Kai?" Can sai tsohon ya gyara murya. "To madalla. Ƙasar baƙa ce ko ja? Tana riƙe ruwa?"

Shekara goma sha ɗaya da aure, ranar ce Alhaji ya fara yi masa tambayar da ta wuce lafiyar iyali. Sun yi minti ashirin suna magana. Maharazu ya ajiye waya ƙirjinsa a buɗe kamar an naɗa shi sarkin noma.

Mataki na biyu: Ka sayi kayan aiki tun kafin ka san aikin

Manomi a kaya ake gane shi. Takalmin roba kore mai kaiwa gwiwa, safar hannu kala biyu, malafa, shebur mai sheƙi, da wata riga mai aljihu goma sha biyu. Kada ka cire takardar da ke liƙe a jikin shebur ɗin, tana ƙara masa kwarjini.

Karimatu ta dubi mijinta tsaye a falo cikin shirin nan, ta ce, "Abban Zarah, noma za ka ko kamun kifi?"

Mace ba ta gane manyan al'amura da wuri. Ka wuce abinka.

Mataki na uku: Duk wanda ya sani, kada ka saurare shi

Za ka tarar da maƙwabcin fili, kuma zai zama mai shisshigi. Ta Maharazu wata ma'aikaciyar jinya ce, Madam Chundung, mutuniyar Jos, shekararta tara tana noma filin da ke liƙe da nasa. Tsakaninsu babu katanga, sai 'yar hanyar ciyawa da baro ke bi.

Cikin watan Maris rana ta fito kwana uku a jere, abin da mutanen garin nan ke ɗauka kamar Sallah. Maharazu ya zo da irin kuɓewa da rama da yakuwa da aka aiko masa daga gida, ya watsa su bisa ƙasa kamar mai ba kaji tsaba.

"Malam Maharazu," in ji Chundung, ta jingina da cokalin tonon ƙasa, "wannan rana ƙarya take yi maka. Sanyi bai tafi ba. Ka fara da albasa da dankali, kuɓewa ka raine ta a taga cikin gida sai ƙarshen Mayu."

"Madam, mu fa jinin noma ne. Surukina kaɗai yana loda tirela."

"Surukinka," ta ce, ta koma aikinta.

Abin da ya yi ƙarfin halin tsirowa, raɓar Afrilu ta daskare a kansa, da safe ya kwanta baƙi ƙirin. Wanda ya tsira, katantanwa marasa gida suka yi walima da shi. Dilan unguwa ya zo ya tone sauran, ya bar masa tsaraba a tsakiyar fili. Daga nan Maharazu ya daina lanƙwasa bayansa. Ciyawa ta karɓi mulki: mai ƙaiƙayi ta kai ƙugu, ƙayar sarƙaƙiya ta haye shebur ɗin da ya manta a wurin.

Ka lura, ciyawa ma tsiro ce. Mai zurfin ilimi ba ya nuna bambanci tsakanin halittun Allah.

Mataki na huɗu: Ka koyi tsayuwa

Nan ne zuciyar karatun. Ka tsaya a kan 'yar hanyar nan, ka ba filinka fuska, ka ba na maƙwabcinka baya, ka ɗaga waya sama. Abin da ya fito a bayanka, rabonka ne.

A bayan Maharazu kuwa akwai abin kallo. Albasa ta yi layi kamar 'yan fareti, latas ya buɗe, wake ya kama sanda yana hawa, strawberry ya fara fure, ga bishiyar tuffa ta yi fari fat, ga furanni ja da rawaya a gefe. Duk Asabar, ranar da ya san Chundung tana asibiti, sai ya zo da malafarsa ya ɗauki hoto ya tura zauren dangi na waya, ya rubuta a ƙasa: "Aiki sai mai shi."

Yabo ya riƙa zuba. Ƙannen Karimatu suka sa masa suna Sarkin Noman Turai. Alhaji Rufa'i, da yanar ido ta rufe masa gani sai dishi-dishi, yana sa a kwatanta masa hotunan, ya aiko da saƙon murya: "Ka ƙara wa albasar nan toka. Allah ya yi albarka."

Maharazu ya saurari saƙon nan sau bakwai.

Karimatu ce kaɗai ba ta tofa komai a zauren ba. A kicin ta tare shi.

"Abban Zarah, mahaifina kake yi wa wannan. Ba abokan ofis ba."

"Wa na ce wa nawa ne? Hoto kawai na tura."

"Ka rubuta aiki sai mai shi."

"To ƙarya ne? Ai mai shi ce ta yi aikin."

Ka haddace wannan amsar. Ba ta da amfani, amma tana cika baki.

Mataki na biyar: Takardar da ba ka karanta sau biyu ba, ba ta zo ba

Kwamitin masu filaye zai aiko maka da wasiƙa. Ta Maharazu ta ce an zaga an ga filinsa ya zama kango, an ba shi kwana ashirin da takwas ya gyara, in ba haka ba a karɓi mukulli a ba na gaba a layi. Ya ninke ta ya cusa a ɗaya daga cikin aljihu goma sha biyun nan. Ka ga amfanin rigar.

A satin kuma aka sa wa Alhaji ranar aikin ido a Landan. Zai sauka a gidan 'yarsa, wata guda.

Kada hankalinka ya tashi. Suruki mai yanar ido ni'ima ce. Maharazu ya tsara ya kai shi gonar washegarin saukarsa, tun kafin likita ya taɓa shi, ya ga kore-kore ya sa albarka a wuce wurin.

"A'a," in ji Alhaji, yana shan shayi a falo. "Bari a wanke mini idon tukuna. Gonarka ba abin gani da rabin ido ba ce."

Mataki na shida: Ka taya a zagi malalaci

Asabar ta biyu bayan aikin, suka hau bas su uku. Alhaji da baƙin gilashi da sandarsa, Karimatu riƙe da filas, Maharazu cikin cikakken shiri. Ya buɗe ƙofar wurin, ya wuce kangonsa ko kallo bai yi masa ba, ya shiga filin Chundung yana nuni da hannu.

Tsohon ya bi fangali-fangali a hankali. Ya tsaya a kan wasu ganyayyaki masu duhu, ya tsinki ɗaya ya murza ya sansana.

"Wannan fa?"

"Tumatir ne, Baba. Irin na Turawa."

"To." Ya matsa gaba, ya taɓa wata albasa da kan sanda, ta kai dunƙulen hannu. "Wannan yaushe ka dasa ta?"

"Sati biyu ke nan. Ƙasar nan akwai sauri."

"To."

Sai ya juya ya fuskanci kangon. Ya daɗe yana kallo. Ya soka sandarsa a gefen ciyawar, ya zaro ta da baƙar ƙasa mai laushi a jiki.

"Wannan kuma na wane ne?"

Ga inda ake gane gwani. Kada ka yi in-ina.

"Wani malalaci ne, Baba. Ko leƙowa ba ya yi."

"Allah wadai," in ji Alhaji. "Ƙasa kamar wannan, da mu a Kura muke nema da kuɗi da addu'a. Mutumin da ya yi wa ƙasa haka, ko akuya ba zan ba shi ajiya ba."

"Wallahi kuwa, Baba. Wasu ba su san darajar abu ba."

Karimatu ta sunkuyar da kai tana kallon murfin filas.

A daidai nan ƙarar baro ta taso daga ƙofa. An canza wa Chundung ranar aiki a asibiti. Ta tsaya, ta dubi baƙi uku a cikin filinta, ta dubi koren takalmin da ke tsaye a kan karas ɗinta.

"Malam Maharazu, ɗaga ƙafa." Sannan ta rusuna. "Baba, sannu da zuwa. Ya gajiyar hanya?"

Fuskar tsohon ta washe da jin Hausa. "Lafiya lau, 'yata. Mutuniyar ina ce?"

"Jos, Baba."

Maharazu ya matsa kusa da ita ya koma Turanci ƙasa-ƙasa, yana roƙon minti biyu zai yi mata bayani. Ko juyowa ba ta yi ba.

"Na ga alama," in ji Alhaji. "Ke ce mai wurin nan."

"Ni ce, Baba. Nasa ga shi can. Saura kwana goma sha ɗaya a karɓe, ni na ga an aika masa takarda."

Wani jirgin ƙasa ya wuce ta bayan shinge, har ƙararsa ta ɓace.

"Tun da ya nuna mini dankali ya ce tumatir ne," in ji tsohon, "nake jiran mai gona ta iso." Bai ɗaga murya ba, bai kuma dubi Maharazu ba. 'Yarsa ya duba. "Karima, kin sani?"

"Na sani, Baba. Na yi masa magana."

"To ke kin fita." Ya nuna kangon da sanda. "Kai kuma, ni ka yi wa ƙarya, wannan tsakaninmu ne. Amma ƙasar nan me ta yi maka?"

Mataki na bakwai: Ka ɗauki fartanya

Na sani, wannan bai yi daidai da abin da na yi maka alkawari ba. Ba ya cikin tsarin asali. Tsohon ne ya ƙara shi.

Likita ya hana Alhaji sunkuyo da ɗaukar kaya, bai dai hana shi magana ba. Chundung ta ara masa kujerar roba da tsohuwar fartanyarta da ta zo da ita daga gida. Kwana goma sha ɗaya, kullum in Maharazu ya rufe kwamfuta da la'asar, su hau bas. Tsohon ya zauna a bakin fili da baƙin gilashi kamar alƙali, yana nuni da sanda.

"Saiwar za ka ciro, ba aski na ce ka yi mata ba."

"Wannan kunya ce ko kabari?"

"Lanƙwasa gwiwa. Tumbin ba zai fashe ba."

Ciyawa mai ƙaiƙayi ta kumbura masa hannuwa, ƙaya ta yage aljihu huɗu. Ya tura baro goma sha tara na kashin doki daga bakin ƙofa, Turawan wurin suna ɗaga masa hannu suna ce masa yau gari ya yi kyau. Ranar da tafin hannunsa ya fashe, ya nuna wa Karimatu yana jiran tausayi. Ta miƙa masa man shafawa ta ce, "Babana yana ɗan shekara bakwai nasa ya fashe."

Chundung ta ba shi dashen tumatir guda shida, da latas da wake. Ta sa ya faɗi sunan kowanne kafin ta sakar masa.

Ranar dubawa, wata tsohuwar Baturiya daga kwamiti ta zaga filin da takarda a hannu, ta taɓe baki, ta ce ba laifi, an dai fara. Aka bar masa mukulli.

Alhaji ya koma Kura da ido garau. Bai tona asirin surukinsa ga kowa ba, don mutum ne mai kawaici. Sai dai da manoma suka taru a ƙofar gidansa suna tambaya ko da gaske akwai gawurtaccen manomi a Landan, ya gyara zama ya ce:

"Akwai. Da sabon idona na gani. Sunanta Chundung."

Gargaɗi

Mai wannan rubutu ya wanke hannunsa tas daga duk abin da zai biyo baya. Ciwon baya, kanta a tafin hannu, warin taki a cikin bas, faɗan matarka a kicin, da kallon da suruki zai yi maka ta bayan baƙin gilashi, duk kayanka ne, kai za ka ɗauka. In abin ya ɓaci kada ka neme ni. Ka nemi maƙwabciyarka, ka gaishe ta da ladabi, ka kuma duba inda kake sa ƙafa.