Gidana Kusa Da Tashar Jirgi

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na rusa bincikena da bakina ba, kuma ina murmushi lokacin da nake rusa shi.

Ina karatun digirin digirgir a fannin tattalin arziki a wata jami'a kusa da Washington. Ranar ce kwamitin malamai zai yanke ko in ci gaba ko a sallame ni. Tambayata mai sauƙi ce: shin kwas ɗin koyon sana'a na yamma yana ƙara wa mutum albashi? Matsalar ita ce masu zuwa kwas dama masu himma ne, ko ba kwas za su ci gaba. Dole in nemo abin da ke tura mutum aji amma ba ruwansa da himmarsa. Sai na ce kusanci da tashar jirgin ƙasa. Na kusa ya fi samun sauƙin zuwa aji, kuma a lissafina inda mutum ya zauna rabo ne kawai, kamar an jefa ƙuri'a. (Da na gano wannan dabara, har hoton allon da na rubuta ta a kai na ɗauka na tura wa 'yan gidanmu a Zariya. Ba wanda ya gane komai, amma kowa ya ce masha Allah.)

Na sha kwalliya, na ja maigidana ya bar aikinsa na asibiti don ya zo ya ga matarsa. Bayani ya tafi sumul, kaina sai fasuwa yake yi. Can wani dattijon farfesa da na ɗauka gyangyaɗi yake ya ɗago kai.

"A ina kike zaune?"

Na ɗauka hira ce ta kwantar da hankali. Na ce Laurel.

"Me ya kai ki can?"

Ni kuwa da son labari! Na ce ai saboda jirgi. Na ba shi labarin yadda na ƙi wani gida mai kyau a Beltsville don ya yi nisa da tasha, na ce mace mai son karatu ba za ta zauna inda zuwa aji zai gagare ta ba. Maigidana daga baya yana ta gyaɗa kai, wai shi shaida.

A tsakiyar maganar na ji abin da nake faɗa. Mai himma ita ke zaɓar kusa da tasha. Wato zaton da na ɗora bincikena kacokan a kansa, ni da kaina na ƙaryata shi. Wallahi na ji kunyar da ban taɓa jin irinta ba.

Dattijon bai yi dariya ba, Allah ya saka masa. Ya ce, "Akwai waɗanda tashar ta zo ta same su a gidajensu. Su ba su zaɓa ba. Za ki iya ware su?" Na ce zan iya. Suka fita, suka dawo, suka ce na wuce, da sharaɗin in sake lissafin daga tushe. Ajiyar zuciyar da na yi, ina jin har a bakin ƙofa an ji ta.

A mota na ce, "Baban Ilham, kai ma har da gyaɗa kai?"

Ya ce, "To ƙarya kike so in yi? Ni fa na sha wahalar neman gidan nan. Ki gode wa Allah bai tambaye ni ba, da ƙari zan yi."

Na yi dariya har da hawaye, rabinsu na murna ne.

Yanzu duk zaton da zan yi wa mutanen da bayanansu ke cikin kwamfutata, sai na fara gwada shi a kaina. Yawanci ni ce ta farko da ke karya shi.